Garmar da Aka Rataye

Ranar Talata da safe muka buɗe siton ƙungiya domin raba irin doya, muka tarar ƙwarya uku babu. Ƙwarya ɗaya doya ɗari ce, kuma goma sha biyu muka ajiye tun watan Janairu, muka lulluɓe da ciyawa. Ta gaba tarin yana nan yadda muka bar shi. Sai da Ortese ya zagaya baya ya ɗaga ciyawar aka ga an ƙwaƙule cikin.

Ba a fasa kwaɗo ba, ba a taɓa taga ba. Makulli yana ƙarƙashin dutsen da muke ɓoye shi, kuma mu goma sha ɗaya ne kawai muka san wurin, mu 'yan ƙungiyar gayya ta unguwarmu da ke bayan Lafia ta hanyar Assakio. In ba mu ba, sai mutum ɗaya da muka ware bara.

Baba Terkimbi, ciyaman ɗinmu, ya tsaya a bakin ƙofa yana huci. Dattijo ne, amma idan ransa ya ɓaci har kunnuwansa rawa suke yi.

"Ba sai an je nesa ba," in ji shi. "Kowa ya san ɓarawo. Wanda ya sa wuta bara, shi ne ya dawo."

Ba wanda ya kama suna. Duka dai muka juya muka dubi bishiyar mangwaro da ke gaban sito, inda garmar Aondofa take rataye wata goma sha huɗu.

Dokarmu ke nan tun zamanin iyayenmu, lokacin da Tibi da Gwandara suka fara haɗa hannu a gona ɗaya. Wanda ya yi wa ƙungiya babban laifi, a karɓi garmarsa a rataye. Daga ranar ba mai yi masa magana, ba mai taka gonarsa, kuma duk wanda ya taimake shi, tasa garmar ma sai ta hau bishiya. Idan ya sake laifi yana rataye, a karɓe gonar da aka ba shi aro, ya tattara iyalinsa ya bar unguwa.

"Yau ɗin nan zai tafi," Baba Terkimbi ya ce. "A kira polis su ɗauke shi, matarsa ya kwashe kaya."

"Haka ne, Ciyaman," in ji Tavershima, idonsa a ƙasa. Sauran suka amsa ciki-ciki. Na lura ba wanda ya kalli ɗan'uwansa.

Ni ne Mahmuda, mai bin sawun unguwa. Akuya ta ɓata ni ake kira, aka shiga gonar wani ni ake kira, kuma abin da na faɗa a kan ƙasa ba a yi mini musu. Na ce, "Baba, a ba ni kwana biyu in duba. In shi ne, zan faɗa."

"Ai kai ka faɗa bara. Me ya canja?"

"Kwana biyu kawai, Baba."

Ya harare ni, sannan ya ce Alhamis da hantsi za a yi mitin, ko na gama ko ban gama ba.

*

Dole in faɗi abin da ya faru bara, ko da yake ba na son tuna shi.

A cikin rani wuta ta tashi daga daji ta cinye rumbun doyar Baba Terkimbi ƙurmus, noman shekara guda. Kowa ya san masu farautar burgu ne ke cinna wa ciyawa wuta, amma wane ne? Aka kira ni. Na bi toka har inda wutar ta faro, na ga sawun takalmin taya na Aondofa. Da aka je gidansa aka same shi kwance, hannunsa na dama ya ƙone har gwiwar hannu. Ya rantse cewa kashe wutar ya je yi. Aka tambaye ni, na ce, "Sawunsa ne."

Ban yi ƙarya ba, sawunsa ne. Amma a kan toka yake, yatsu sun nutse, taku da nisa, irin na mutumin da ya sheƙo da gudu bayan wuta ta riga ta ci. A gefen ramin burgu kuma akwai wani sawun, wanda toka ta sauka a kansa. Na gan shi, na gane mai shi, na sa ƙafa na goge.

Abin ya zo mini da sauƙi saboda Aondofa ba shi da masoya. Mutum ne mai baƙar magana. Ya zo gayya a makare, ya tarar da mutane sun yi gumi, ya ce layinsu ya karkace kamar hanyar mai maye. A mitin shi ne mai cewa ciyaman ya yi kuskure. Ranar da aka rataye garmarsa wasu har daɗi suka ji, suka ce yanzu za mu huta.

Ba mu huta ba. Shi ne mai ba da waƙa a gayya, yana zagin malalata da suna ana dariya ana aiki. Da ya tafi sai gona ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar garma. Kowa ya koma kaffa-kaffa da bakinsa, tunda an ga abin da ake yi wa mai magana. Abinci ma da muke ci a tire ɗaya, sai na wayi gari na ga Musulmi a inuwa ɗaya, Kirista a wata, ba wanda ya ce a yi haka. Ni kuwa kullum in zan wuce mangwaron nan sai in sunkuyar da kai.

*

Na fara da bayan sito. An yi ruwa ranar Lahadi da yamma, ya wanke duk wani sawun ƙafa, amma a ƙarƙashin rufin kwano na sami zanen tayar babur, ta baya, mai faci a gefe. Babur ɗaya ne a unguwa mai irin wannan faci, na Yahya.

Na same shi a gida yana wasa adda. Ya gan ni ya miƙe har addar ta faɗi.

"Malam Mahmuda, lafiya?"

"Lafiya lau. Me ya kai baburinka bayan sito?"

"Babur? Au, inuwa na nema masa."

"Daga gidanka har sito ka je neman inuwa? Bishiyoyin ƙofar gidanka sun yi yajin aiki ne?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ce wata mata ta gan shi ranar wata Lahadi da safe da buhu a bayan babur. Ya ce gawayi ne ya kai wa 'yar'uwarsa a cikin Lafia. Yana faɗa yana goge zufa, alhali ko rana ba ta yi zafi ba.

Wallahi na ji daɗi. Na ce a raina, Allah ya sa Yahya ne, in kama shi in wanke Aondofa daga wannan, in bar tsohuwar maganar a kwance. Ka ji irin lissafin da nake yi, ni da ake kira mai gaskiya.

Na hau mota zuwa kasuwar doya ta Lafia, wurin Hajiya Rahmatu dillaliya. Doyar da ta shiga kasuwar nan ba da saninta ba, to ba ta shiga ba. Na same ta a kan benci tana faɗa da masu lodi.

"Iri ƙwarya uku?" ta ce. "A wannan lokaci da kowa ke neman iri ido rufe? Da ya shigo da tun a geti zan ji. Ba Yahya ba, ba kowa ba. Ba wanda ya kawo iri daga wajenku."

"Ko kaɗan-kaɗan?"

"Ko guda biyar. Kai Mahmuda, wai me ya sami ƙungiyarku ne? Da can in motarku ta shigo tun daga nesa ake jin hayaniya. Yanzu kowa ya zo shi kaɗai kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ina wannan mai bakin, Aondofa? Ya taɓa ce mini mudun awona ya fi ni rama."

Na ce ba shi da lafiya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To, Allah ya ba ku lafiya duka."

*

Laraba da sassafe na koma sito na yi abin da ya kamata in fara da shi. Irin doya in ya daɗe a ajiye yana fitar da tsiro, tsiron kuma ba ya jure wahala, ana ɗaukar buhu yake karyewa. Na durƙusa ina dubawa. Ga ɗaya a bakin ciyawa, ga wani taku ashirin gaba. Wasu sun bushe sun yi baƙi, wasu da sauran ɗanyensu. Wato ba rana ɗaya aka kwashe ba. Na bi su, suka bar hanyar gari, suka gangara rafi, suka haura ta cikin gonar kashu. Gona ɗaya ce a bayan kashun nan.

Na koma na nemi izinin Baba Terkimbi in taka gonar, in kuma yi magana da mai ita. Ya ce, "Je ka. Na gaya maka tun jiya."

Bukkarsu tana bakin gonar. Wandoo, matar Aondofa, tana tankaɗe garin rogo. Rabon da in ji muryarta wata goma sha huɗu.

"Maman Doose, sannu da aiki."

Ta ɗago ta dube ni. "Yau an buɗe maka baki?"

"Ciyaman ne ya aiko ni. Irin ƙungiya ya ɓata."

"Na ji."

"An shuka doya a gonarku bana?"

"Gona yana nan. Kana da ido."

"Wa ya kawo irin?"

"Ban ga kowa ba."

"Maman Doose, gobe za su kore ku. In kin san wani abu ki faɗa."

Ta ajiye rariya. Idanunta sun ciko, amma ta dake. "Na yi alkawari. Mu in mun yi alkawari muna riƙewa. Ban ga kowa ba."

Aondofa ya fito daga ciki. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Hannun daman yana manne da ƙirjinsa, yatsun sun lanƙwashe rabi sun sandare, fatar tana ƙyalli. Ban taɓa ganin hannun kusa ba sai ranar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Oga mai karatun ƙasa," ya ce. "Ka zo ka karanta ni kuma?"

"Aondofa, kai ka ɗauki irin?"

"In na ce a'a, wa zai ji? Bara ma na ce a'a." Ya nuna gonar da haɓa. "Je ka tambayi ƙasa. Ai shi ba ya ƙarya, ko? Sai dai mai karanta shi."

Na wuce.

*

Gonar ba babba ba ce, kuma kusan kashi uku cikin huɗu an tayar da tulin doya layi-layi, kowane tuli da hularsa ta ciyawa don kada rana ta dafa irin. Na tona ɗaya. Irinmu ne, ga ɗigon jan fenti da muke sa wa na ƙungiya. In da wani aka aiko, nan aikin ya ƙare.

Amma mutum mai hannu ɗaya ba ya tayar da tuli ɗari uku, Wandoo ma ba za ta iya ba. Na ce ko 'yan ƙwadago suka ɗauka, ko danginta suka zo daga Binuwai. Na fara bin layin ina kallo, sai na tsaya cak.

Shekara ashirin ina noma kafaɗa da kafaɗa da mutanen nan. Tuli kamar rubutun hannu ne, kowa da nasa. Wannan dogo mai tsini, wanda ba ya zama daidai da na kusa da shi, na Ortese ne. Layin da ke biye an daddanna kansa da bayan garma har ya yi faɗi, Tavershima ke nan, shi kaɗai ke wannan ƙaƙale. Na ɗaga hular wani tuli a layi na gaba, inda ruwa bai taɓa ba, na ga kowane sara da siririn zane a tsakiya. Garmar Yahya ce, bakinta ya ɓalle tun shekara biyu ya ƙi kai wa maƙeri. Ga gawayin da ya kai Lafia.

Na bi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ina ɗaga hula ina mayarwa. Wani layin ciyawa ta fara fitowa a jikinsa, wani jiya-jiya aka yi shi. Hannu tara na ƙirga, kuma na san mai kowane.

Layuka huɗu na can ƙarshe su ne mafi daɗewa, doyarsu har ta fara neman sanda. Ramin da aka ɗebi ƙasa yana hagun tuli, ba dama ba. Bahago ne ya yi su. A kan kowace hula an ɗora hoge biyu maimakon ɗaya, yadda mahaifinmu ya koya mana.

Na zauna a ƙasa tsakanin layukan, na daɗe ban tashi ba.

*

Luqman ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Shi ne bahagon gidanmu. Sawunsa ne na goge a bakin ramin burgu, kuma tun ranar ba mu taɓa tayar da maganar ba. Na same shi a bayan gida yana ɗaure tumaki.

"Na fito daga gonar Aondofa," na ce.

Igiyar ta suɓuce daga hannunsa.

"Tun yaushe?"

"Tun ruwan farko, Yaya." Ya jingina da katanga. "Ranar Lahadi nake zuwa, in sun tafi coci. Na ɗebi iri kaɗan, na ce in an zo rabo a cire a nawa. Wallahi sittin na ɗauka, ban san wanda ya kwashe sauran ba."

"Ba ka ga ana ƙara layi ba?"

"Na gani. Na ɗauka dangin matarsa ne. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ruwa kawai take ajiye mini a gindin kashu."

"Jiya da Baba ya ce a kore shi, me ya hana ka magana?"

Ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba. "Kai me ya hana ka bara?"

Na ɗaga hannu kamar zan mare shi, sannan na sauke. Da wane bakin zan yi masa faɗa?

"Ba na barci, Yaya," ya ce. "Na gan shi ranar. Ina gudu ina waiwaye, na gan shi yana dukan wutar da ganye, rigarsa ta kama. Ban koma ba. Da ka ce sawunsa ne na yi shiru, na ce ai Yaya ya san abin da yake yi."

Na ce, "Gobe zan faɗa. Duka."

"Za su rataye garmarmu."

"Na sani."

Ya sunkuya ya ɗauki igiyar. "Ka faɗa," ya ce. "Na gaji."

*

Alhamis da hantsi na roƙi Baba Terkimbi a yi mitin a gonar Aondofa maimakon gindin mangwaro. Ya ce doka ta hana. Na ce shaidar tana can, kuma ba ta ɗaukuwa. Muka jera muka haura rafi. Na lura ba wanda ya tambayi hanya, ba kuma wanda ya yi tuntuɓe da dutsen da ke ɓoye a tsakiyar ruwa sai Baba kaɗai.

Aondofa da Wandoo suna tsaye a bakin bukka, ta riga ta ɗaure kayansu a buhu biyu. Na tona iri ɗaya na miƙa wa Baba. Ya ga jan fenti, ya ɗaga shi sama.

"Kun gani? Ya ƙare!"

"Bai ƙare ba, Baba. Dubi hannunsa. Wa ya tayar da tulin nan?"

"Ya yi haya mana."

"Bai yi haya ba." Na taka zuwa layin farko. "Ortese, zo ka tsaya a nan."

"Ni? Don me?"

"Don naka ne. Ko makaho ya shafa wannan tsinin ya san ka."

Ortese ya saci kallon Baba. Ya tako a hankali ya tsaya a kan layin.

"Tavershima, nan. Yahya, ga gawayinka, ya tsiro. Aondover, waɗannan biyun."

Haka na yi ta kira. Ba wanda ya yi musu. Kafin in kai na bakwai ma, na takwas ya tafi da kansa ya tsaya a inda ya san nasa ne. Luqman ya wuce can ƙarshe. Suka tsaya warwatse a gonar suna kallon juna baki buɗe.

"Kai ma?" Yahya ya ce da Tavershima. "Yaushe?"

"Jumma'a, in kun tafi masallaci. Kai fa?"

"Lahadi, kuna coci."

Wani ya yi 'yar dariya, ta mutu nan take. Kowannensu kamar talatin ya ɗiba, yana ganin daga rabonsa ne, ba za a lura ba. Da aka ce ɗari uku, kowa ya ɗauka akwai wani ɓarawon na gaske, ya kuma ja bakinsa don tsoron bishiya. Da sun bari an kori mutumin da suka yi wa noma.

Baba Terkimbi ya juya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Fushin ya bar fuskarsa, sai wani abu mai kama da tsufa.

"Duka ku?" ya ce. "Kuna zama da ni a mitin kuna cewa haka ne Ciyaman, haka ne Ciyaman, ashe ni kaɗai ke riƙe doka? Wannan mutum ya ƙona mini abincin shekara!"

"Baba," in ji Ortese, "mun ga yaransa suna tsintar kashu suna ci da safe. Abeg, mutum zai yi yaya?"

"To me ya hana ku faɗa a mitin?"

Amsar tana rataye a mangwaro, kowa ya sani.

Baba ya juyo gare ni. "Saura ni da kai ke nan, Mahmuda. Mu biyu ne ba mu ci amana ba."

Da zan iya yin shiru a nan. Maganar iri ta mutu, ba za a rataye garma tara ba, Aondofa ba zai tafi ba, ni kuma in koma gida da sunana. Na dubi gonar. Mutum tara da ba su san komai ba sai tausayi sun zo sun yi gumi a nan. Ni da na san komai, ko tuli ɗaya ba ni da shi.

"Baba, ni ne na fi kowa cin amana," na ce. "Ba Aondofa ya sa wutar ba."

Na faɗa musu yadda sawun yake a kan toka, da wanda yake ƙarƙashinta, da yadda na sa ƙafa na goge. Ban kai ga suna ba Luqman ya ɗaga murya daga ƙarshen gona.

"Ni ne, Baba. Burgu nake nema. Shi kashewa ya zo yi."

Wandoo ta zauna a kan buhun kayanta ta rufe fuska da zane. Baba Terkimbi ya daɗe yana kallon hannun Aondofa, sannan ya juya, ya gangara rafi. Muka tsaya muna jira, ba mu san ko ya tafi ke nan ba.

Ya dawo da garmar a kafaɗa. Ta yi tsatsa, igiyar da aka rataye ta da ita tana reto. Ya tsaya gaban Aondofa, ya cire hularsa.

"Rumbuna ka je ceto," ya ce. "Ni kuma na..." Ya ajiye garmar a gabansa, ya juyo yana nuna ni da Luqman. "Reshen yana nan. A kawo na waɗannan biyu."

"Ba za ka rataye na kowa ba, Ciyaman," in ji Aondofa.

"Doka ne."

"Dokan banza. Na gaya maka tun shekara biyar, ka ce bakina ya yi yawa. Ka rataye nawa, me ka samu? Mutum tara sun zama ɓarayin kayansu." Ya nuna sauran gonar da ba a taɓa ba. "Ga aiki can. Ba su garma su yi. Kuma a gaya wa Ortese layinsa har yanzu kamar hanyar mai maye."

Wannan karon dariyar ta fito, har da masu share hawaye.

Ni ban yi dariya ba. Na matsa kusa da shi, na ce, "Ka san Luqman ne?"

"Na gan shi yana gudu."

"Me ya sa ba ka kama sunansa ba?"

"Mahmuda ya riga ya karanta ƙasa. Wa zai yarda da mai baƙar magana?"

Na durƙusa a gabansa, a gaban kowa. Na ce, "Ka yafe mini, Aondofa, don girman Allah."

"Tashi," ya ce. "Babba da kai. Zan gwada, ban ce yau ba."

Na miƙe. Ya ɓamɓaro hannun daman daga ƙirjinsa da ƙyar, ya miƙo mini. Na kama shi da hannu biyu, fatar santsi kamar leda, ina jira ya riƙe ni yadda ake yi in an gaisa. Na ji yana ƙoƙari, har jijiyar wuyansa ta tashi. Yatsun ba su rufe ba.

Na sunkuya na ɗauki garmarsa, na nufi inda layin ya tsaya.